Rumfar da Na Yi wa Pano

Shin Malam ya sani kafin ya cika, ko kuwa ya tafi yana zaton makullinsa na nan rataye a wuyana? Na tambayi 'yata da ta yi jinyarsa, ta ce ita dai ba ta gaya masa ba. Na tambayi kaina har na gaji. Wanda zai ba ni amsa yana kwance gabas da gari, ni kuma ina nan zaune da tambayata.

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa. Nakan manta inda na ajiye carbi alhali yana hannuna. Amma ranar da na yi wa pano rumfa ba za ta taɓa fita daga kaina ba, ko da na so, don mutanen garinmu ba za su bari ba. Ban yi lakkol ba, ban iya rubutu ba. Madam da ke koyar da yara a garinmu ce ke rubutawa, ni ina faɗa. (Ta ce in na ga kuka zai zo in dakata. Na ce mata in za mu jira kukana ya ƙare, sai damina ta same mu nan.)

Malam, maigidana, ɗan ci-rani ne tun kafin a kawo ni ɗakinsa. Da an kai hatsi rumbu sai ya ɗauki jaka ya nufi Abijan, ba zan sake ganinsa ba sai hadari ya fara haɗuwa. Haka muka rayu har gwiwoyinsa suka ƙi. Ya dawo gida ya zauna, kuma zaman bai karɓe shi ba. Mutumin da ya saba aiko wa gida abu, sai ga shi yana jiran a aiko masa. Ya daina fira. Ko masallaci sai ya bari an tayar da salla yake shiga, don kada a tsaya gaisuwa da shi.

Ana haka wasu mutanen kamfani suka zo suka kewaye wani fako da waya, can tsakanin garinmu da hanyar Buza, wurin da ko akuya ba ta samun abin tsinta. Suka jera baƙaƙen gilasai a kan ƙafafun ƙarfe, layi bayan layi, duk suna kallon sama. Su ake kira pano. A tsakiya suka ajiye wani farin ɗakin ƙarfe marar taga mai gurnani dare da rana, a gefensa kuma dogon ƙarfen rezo, wanda ke kai wa salula magana. Malam ne ya yi mini bayani daga baya. Ya ce ɗakin nan rumbu ne, sai dai ba hatsi ake zubawa ba. Hotunan mutane, da muryoyin da 'yan ci-rani ke aiko wa iyayensu ta salula, da sunayen jariran da ake rubutawa a gidan likita, duk nan ake tara su cikin na'urori. Na'urorin kuwa wuta suke ci ba hutu, wutar birni ba ta iso mu ba, shi ya sa aka haɗa su da rana.

Suna neman gardi dattijo mai amana. Surukina, mijin 'yar farina, konseye ne a meri, wato wakilinmu a ofishin magajin gari, shi ya tsaya wa Malam. Aka ba shi hula, da doguwar sanda mai tsumma a kai ta goge gilasai, da makullin ƙofa. Ku zo ku ga Malam. Makullin nan a bisa riga yake rataye shi, ba a ciki ba. Ya koma shiga masallaci tun kafin kiran salla. In wani ya ce ɗansa ya aiko murya daga Libiya, sai Malam ya gyara zama ya ce, "Ta wajena ta biyo."

Cikin bazarar da ta wuce tari ya kama shi, ƙafafunsa suka kumbura. Ya yi ta ɓoyewa har ranar da ya kasa ɗaga sandar. Aka ce sai asibitin Madawa. Na ɗaure kayana zan bi shi, ya kira ni ɗaki, ya cire makullin ya rataya mini.

"'Yarmu ta bi ni, ke ki tsaya," ya ce. "In sunka ji gardi na kwance, wani za su sawa. Kada kowa shi ji."

"Malam, in anka tambaye ni fa?"

"Ki ce na zagaya."

"Surukinka fa? Ai ya san za ku tafi."

"Na ce mai na bar mutum a wurin."

Mutumin ni ce. Tsohuwar da ba ta taɓa taka cikin wayar nan ba, wadda ko salula sai an danna an kara mata a kunne. Ya koya mini aikin yana haki. In goge gilasai da safe saboda kashin tsuntsaye. In kori awaki. Kada in taɓa ƙofar farin ɗakin. Kuma ya ce in sani, babban abokin gaban na'urorin nan zafi ne, shi ya sa aka sa musu kilim yana hura musu sanyi. In zafi ya yi musu yawa sai su mutu, amanar mutane ta tafi.

Wannan magana ta ƙarshe ita ta zauna mini a ƙirji. Mota ta tafi da shi, ni na tafi fako da sanda. Duk babur da ya wuce sai in ce masu kamfani ne. Duk ƙarar da ɗakin ya sauya sai in miƙe tsaye. Rabin hankalina yana Madawa, rabi yana jikin bangon ƙarfe yana saurare.

Kwanakin farko an wuce lafiya. Sai aka tashi da irin ranar nan ta bazara wadda kaji ke buɗe baki su saki fuka-fukai. Da azahar gurnanin ɗakin ya ƙaru. Kilim ɗin yana nishi, ruwa yana ɗiga daga jikinsa kamar zufa. Na kara kunne, wallahi sai na ji irin ƙarar ƙirjin Malam da zai tafi. Na je na ɗora tafin hannu a kan pano guda, na janye da sauri, sai da na zuba wa hannun ruwan buta. Da za a fasa ƙwai a kai, da ya soyu. Na duba ƙarƙashi, sai ga wayoyi masu kauri sun fito daga kowane gilashi, sun haɗu, sun nufi farin ɗakin sun shige.

To ku gaya mini, mai hankali me zai ce? Ga wuta a gilashi, ga hanya daga gilashi zuwa ɗaki, ga ɗaki yana nishi. (Madam tana dariya. Rubuta dai, ke kin yi lakkol, ni lissafina ke nan.) Akwai lambar kira a jikin ƙofa, amma in na sa aka kira, tambayar farko ita ce ina gardi. Na tsaya tsakiyar rana ina juya hannu. Na ga amanar mutane tana ƙonewa, na ga an tsayar da Malam gaban jama'a ana karɓe masa hula.

Na ruga wurin ƙawata Tasalla. Tare aka yi mana kitson aure, kuma tun lokacin bakinta bai taɓa hutawa ba. Na same ta tana yankan kuɓewa, na rantsar da ita, na gaya mata komai.

"Ƙawa, anya?" ta ce. "Ni dai na ji an ce rana ce abincinsu. Mai cajin salula na kasuwa ma cikin rana yake shanya nashi."

"Ke ma fura ce abincinki. In anka danne ki anka ɗura miki ƙwarya goma fa?"

Ta ajiye wuƙa.

"Kuma mai cajin," na ce, "in an jima ba ɗauke abinshi yake shi kai inuwa ba? Waɗanga tun da anka girka su ba wanda ya taɓa tausaya musu."

"Wanga kuma gaskiya ne," in ji Tasalla. "Jaki ma ana yi mai rumfa."

Da haka na ci gardama, kuma da na faɗi ranar nan da ya fi mini alheri. Muka bi gidaje muna raɗa wa matan da muka yarda da su, kowace sai ta rantse ba za ta faɗa ba sannan ta je ta kira maƙwabciyarta. Aka kwaso tabarmi, da zanar kara, da barguna, da buhunan albasa waɗanda sai an ninka don suna da ƙofofi. Ni na kwashe ɗakina kaf, har da bargon saƙi na aurena. Muka bi layi muna lulluɓewa muna danne gefe da duwatsu. Aiki ne aka yi shi da zuciya ɗaya. Wata ma tana shafa gilashin tana cewa sannu.

Kaya suka ƙare, saura rabin pano guda, wanda ke daf da ƙofar shiga, yana ta ƙyalli. Na duba hagu na duba dama, ba ko tsumma. Na ce aikin Malam ba zai lalace saboda rabin gilashi ba. Na zagaya bayan farin ɗakin, na kwance fatarina na ƙarƙashin zane, na gyara ɗaurin zane, na dawo na shimfiɗa shi. Tsohon fatari ne, ja ne a da, ya sha faci kala-kala har ban san wane ne asalin ƙyallen ba. Mata ne zalla a wurin.

Washegari ban yaye ba, don rana ta fito da fushin jiya. Ran kasuwa ne. Wajen azahar sai na ji gurnanin yana raguwa, yana raguwa, kilim ya yi wata ajiyar zuciya ya tsaya. Wurin ya yi tsit, har ina jin kukan kurciya. Wata 'yar fitila ja tana ƙiftawa a bisa ƙofar, na ɗauka godiya take. Na ɗaga hannu na ce alhamdu lillahi, zazzaɓi ya sauka, sun samu barci. Na shiga ƙarƙashin pano na dama fura. Tun tafiyar Malam ban sha abu ya zauna mini a ciki ba sai ran nan.

Ashe a kasuwa duniya ta tsaya, rezo ya ɗauke. Dillalan albasa suna tsakiyar ciniki da mutanen Kwatano magana ta yanke. Mutane suna hawa amalanke suna ɗaga salula sama. Da abin ya ƙi, sai suka ce bari su je gindin ƙarfen rezo su gani.

Ni dai na hango ƙura. Farar mota kat-kat ce a gaba, bayanta babura, bayansu masu ƙafa, rabin kasuwa. Tasalla ta riga su isowa tana haki. Motar ta tsaya, wani saurayin injiniya ɗan Tamaske ya fito, wanda Malam ke yawan yabon ladabinsa. Ta ɗaya ƙofar kuma, cikin babbar riga fara, sai surukina.

Ku da ba 'yan nan ba, ku gane. Tun da mutumin nan ya auri 'yar farina ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, ban taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa ganin ina cin abinci ba. In na hango shi a hanya, sauya lungu nake, shi ma haka. Na tura ƙwaryar fura bayan dutse, na ja mayafi, na juya musu baya ina fuskantar waya.

Injiniyan ya tsaya bakin ƙofa yana kallon layukan tabarmi da barguna.

"Inna, sannu da rana," ya ce. "Ina Baba gardi?"

Ba zan yi magana surukina yana ji ba, sai na raɗa wa Tasalla. Ta ɗaga murya. "Ta ce ya zagaya."

"Tun yaushe?"

Wani daga cikin taron ya ce, "Zagayen dai har Madawa ya kai." Aka yi 'yar dariya.

"To wa ya rufe pano, Inna?"

A nan, Allah ya gafarta mini, sai na ji wani ƙarfi. Na ce in sun ga irin kulawar da aka yi, ai za su yafe rashin gardi. Na raɗa wa Tasalla, ita kuma ta ƙara gishiri. "Ta ce ita ce da kanta. Ta ce jiya abin ga ya kusa mutuwa da zafi, ba wanda ya leƙo cikinku. Ta ce ku saurara ku ji, yanzu barci sukai, ku rage hayaniya."

Na saci kallo ta gefen mayafi. Yaron ya cire hula ya riƙe kai da hannu biyu.

"Inna," ya ce a hankali, "ba barci ba ne. Yunwa ce. Tun jiya kun hana su abinci, batir ya ƙare, kilim ya mutu. Yanzu cikin ɗakin ga ya fi tanda zafi."

Ya ruga ya buɗe farin ɗakin, wani hucin zafi ya fito har inda nake tsaye. Ya juyo ya ce wa jama'a don Allah kowa ya yaye abin da ke kusa da shi. Abin da na yini ina gudu, ashe da hannuna na kawo shi. Na kama waya na riƙe.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce jahilci ne, kowa da nasa. Amma surukina shi ne mafi kusa da ƙofa. Mutum ne mai son a ga ya fara aiki kafin talakawa. Ya naɗe hannun riga, ya ture dutse, ya fizge abin da ke kan pano na farko. Kuma da yake mai tsari ne, bai yar ba. Ya kakkaɓe shi, ya ɗaga shi sama da hannu biyu zai ninke. Sai ga zariya tana lilo. Sai ga faci.

"Wanga na wa ne?" ya ce, kafin idonsa ya gama gaya masa abin da ya riƙe.

Masu yaye tabarmi suka tsaya. Matan da muka yi aikin tare kowace ta sunkuyar da kai tana danne baki. Da an bar shirun haka, da wataƙila ya wuce. Sai Tasalla, wadda ta saba da aikin isar da saƙo tun ɗazu, ta juyo gare ni, da muryarta ta kasuwa.

"Ƙawa, in ce naki ne, ko ke za ki faɗi da kanki?"

Ban san dariyar mutane tana da nauyi ba sai ran nan. Wani dillali ya zauna ƙasa yana dukan cinya. Bawan Allah surukina ya rasa yadda zai yi. Ya yar, ya wulaƙanta uwar matarsa. Ya miƙo mini, ba dama. Ya ci gaba da riƙewa, ya fi muni. Ya tsaya da shi a hannu, fuska a sama kamar mai duban wata, zufa tana zuba cikin babbar riga. Daga ƙarshe ya taka a hankali ya rataye shi a kan waya, da ladabi, kamar mai ajiye rigar sarki. Iska kuwa ta zo ta buɗe shi sosai. Na roƙi ƙasa ta tsage, amma fako ne, ko garma ba ta shigarsa.

(Wani ya ɗauki hoto. Madam ta ce ta gani, wai har 'yan garinmu na Abijan sun gani. Wato da rezo ya dawo, abin da aka fara zubawa a rumbun Malam ke nan.)

Kafin la'asar gurnani ya dawo. Injiniyan ya ce amanar mutane ba ta ɓata ba, don akwai irinta a ajiye wani wuri, sai dai na'ura guda ta ƙone sai an sauya. Jama'a suka watse suna maimaita maganar Tasalla. Surukina ya shige mota ya rufe gilashi. Yaron ya zo ya durƙusa gabana.

"Inna, makullin."

Na manta da kunya, na yi magana da bakina. Na ce ɗana, laifina ne, ba na Malam ba. Na ce kwana kaɗan ne zai dawo. Na ce mutumin nan makullin ga ne ya tashe shi tsaye, in aka karɓe ban san abin da zai tashe shi ba.

"Inna, ko na yi shiru, na'urar da kanta ta riga ta faɗa ma ofis," ya ce. "Sun san ba kowa nan. Ba ni da iko. Allah shi ba Baba lafiya."

Na cire na ba shi. Bai kalle ni ba da zai karɓa. Ba a jima ba suka kawo wani gardi daga Tabotaki, mutumin kirki ne, yana gaishe ni, ni ce dai ba na iya bin ta wajen.

In kuna son abin da na koya, ga shi, ba yawa. In kin ji abu yana nishi, ki fara tambayar masu shi ko haka yake numfashi. In kuma taimako ya kai ga sai kin kwance fatari, to ki tsaya, taimakon ya isa haka.

Da safe na hau motar Madawa. Ban tafi da wuya wayam ba. Na zare makullin akwatina na ɗaura a igiya na rataya, na tura shi cikin riga yadda igiyar kaɗai za a gani. Duk hanya ina shirya magana ina rushewa. In faɗa masa, in ƙara masa ciwo. In ɓoye, in yi wa mijina ƙarya a kan gadon asibiti.

Na same shi ya rame har na kusa wuce gadonsa. Ɗakin cike da majinyata da masu jinya, kusan kowa da salula a hannu, wasu samari a bakin taga suna kallon wani abu suna dariya. Ban san me suke kallo ba. Har yau ban sani ba. Na zauna a bakin gado na gaishe shi. Ya buɗe ido ya dube ni, ya dubi igiyar wuyana, ya daɗe yana dubanta.

"Wa kika bar ma wurin?" ya ce.

"Tasalla na dubawa, Malam. Yau zan koma."

"Lafiya dai?"

"Lafiya lau," na ce. "Ko akuya ba ta shiga ba."

Ya rufe ido. Gefen bakinsa ya motsa, ko murmushi ne ko ciwo, Allah ya sani. Na riƙe hannunsa, abin da ban taɓa yi gaban mutane ba, 'yarmu ta kau da kai. Ban koma ba ranar nan, kuma bai tambaye ni dalili ba. Washegari da hantsi Allah ya karɓi abinsa, bai sake magana da kowa ba. Kwanakin da ya kamata in yi a gefensa na yi su a fako ina gadin gilashi, shi ne abin da ke tashe ni kuka har yanzu. Abin da na samu kawai shi ne wannan yinin, da maganar da ya yi mini kafin barci ya ɗauke shi. Ya ɗan matse yatsuna, ya jawo ni kusa, muryarsa can ƙasa.

"In kin koma, ki goge su tun da sanyin safiya," ya ce. "Gogewa kawai, kin ji? Kada ki ƙara musu komai."